Ɗan Sankaryaare a Kan Ruwan Abijan

Mu 'yan Sankaryaare, ruwan da muka sani shi ne na barajin Tanghin, shi ma daga bakin hanya muke kallonsa in mun zo wucewa a kan babur. Shi ya sa ranar da maigidana na Treichville ya ce mini, "Gobe ta ruwa za mu Abobo-Dume," sai da gabana ya faɗi. Na ce, "Baba Alhaji, babu mota ne?" Ya yi dariya, ya ce in na shiga gbaka da hantsi, a cikin cunkoso zan yi azahar.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Wani mutum ne ya ɗauki ragunana na layya bashi, wata huɗu shiru, wayarsa a kashe. Rabin kuɗin ma ba nawa ba ne, na ƙanin mahaifiyata ne, ni kuwa na gaji da sunkuyar da kai duk lokacin da muka haɗu a masallaci.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Abijan gari ne da ruwa ya ratsa. Ruwan suna ce masa lagun Ebriye, ya bi gefen teku sama da kilomita 100. A 1950 aka haƙa mashigar Vridi ta haɗa shi da teku, manyan jirage suka samu wurin tsayawa, a 1954 kuma layin dogo ya iso Wagadugu. Ke nan kayan da iyayenmu suka yi ta sauke wa a tasha, da yawansu ta kan wannan ruwa suka biyo. Tun 1980 kamfanin SOTRA ke ɗaukar mutane a jiragen da ake kira bato-bis, daga 2017 wasu kamfanoni suka shigo. Sai kuma pinas, dogon jirgin katako mai inji, ya fi araha, ya fi cika.

Bato-bis muka shiga. Na nemi tsakiya na zauna, na riƙe kujera da hannu biyu, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Wata dattijuwa mai kwandon aceke ta dube ni ta ce da Hausa, "Ɗana, baƙo ne kai ko? Saki kujerar, ba gudu za ta yi ba." 'Yar Dogondutsi ce, ta ce ta tsufa a kan hanyar nan.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda jirgin yake kamar zaure. A mota kowa fuskarsa na gaba, ƙeyar mutum kake kallo har ka sauka. A nan kuwa masu bin jirgin safe sun san juna sarai. Wannan ya tambayi jikin yaro, wancan ya faɗi yadda albasa ta kwana a Ajame, wani ya miƙa goro aka ɓara aka raba. Da Jula, da Faransanci, da Mosanci, ga Hausa tana ratsawa. Ana cikin haka muka wuce dogayen benayen Plato, iska mai ɗan gishiri tana bugun fuska, masunta a ƙananan kwalekwale suna ɗaga mana hannu. Ban san lokacin da na saki kujerar ba.

Maigida ne ya ɓaro zancen. Ya ce, "Hajiya, yaron nan bashi ya zo bi." Ni kunya ta kama ni, ita ko a jikinta. Ta kira wani saurayi mai sayar da garba, wato aceke da soyayyen kifi, abincin da ake cewa daga sunan Hausawan da ke sayar da shi ya samo suna. Da na kwatanta mutumin, sai ya ce, "Ai ya tashi daga nan, yana Lokojro, ya daɗe kwance." Da muka sauka shi ya raka mu har ƙofar gida. Na tarar da mutumin ya rame, ya ba ni abin da ya sawwaƙa, saura muka sa lokaci a gaban maigida. Da ta titi na bi, da tsohon shagonsa zan tarar a rufe in juyo.

Dawowa ce ban ji daɗinta ba. Magariba ta kawo jiki, muka yi gaggawa muka faɗa pinas. An loda mutane da buhuna har ruwa ya kusa baki, wani yaro yana ta kwarfe shi da gwangwani, ban ga rigar ceto ko ɗaya ba. Mai jirgin kuma bai fasa kiran fasinja ba. Ni dai ra'ayina, ɗan canjin da za ka rage bai kai wannan ba, balle in kana tafe da iyali. Ka jira babban jirgi, ko da za ka yi isha'i a tasha.

Bana da na koma da babban ɗana, jirgin safe muka bi. Hajiya tana nan a wurin zamanta, ta tambayi ƙanin mahaifiyata kamar ta san shi, na ce mata an biya shi tas. Yaron ya tafi can gaba yana leƙen ruwa, ni kuwa na nemi tsakiya na zauna.