Mustang, Dokin Ford: Tarihinsa da Kuɗin Harawarsa

In da za a bi ɗakunan kwanan samarin makarantar nan a ce kowa ya nuna hoton da ke fuskar wayarsa, bayan 'yan ƙwallo motoci ne za su zo na biyu. Cikin motocin kuwa da wuya a rasa wata mai dogon hanci da gajeren baya, da tambarin doki yana sukuwa a gabanta. Wasu a fim ɗin John Wick suka fara ganinta, wasu a bidiyon mawaƙa, wasu kuma ƙararta kawai suka ji da daddare a titin Abuja ko Kano. Sunanta Mustang, sunan dawakin jeji na yammacin Amurka, kuma kamfanin Ford ne ke ƙera ta. Mu nan kallon motar 'ya'yan manya muke mata. Abin mamaki, a ƙasar da aka haife ta, don ƙaramin ma'aikaci aka yi ta. Yadda aka yi haka ta faru sai mun koma baya kaɗan.

Henry Ford ɗan manomi ne daga jihar Michigan, an haife shi a 1863. Aikin injiniya yake yi a kamfanin lantarki na Edison da ke Detroit, yana tashi daga aiki sai ya shige wata 'yar rumfa a bayan gida yana haɗe-haɗe, har ya fito da motarsa ta farko a 1896, mai tayoyi huɗu irin na keke. Kamfaninsa na farko ya durƙushe. Na biyu kuma rigima da masu jari ta raba su, bayan ya fita suka maida kamfanin Cadillac. Sai a karo na uku, ranar 16 ga Yuni 1903, aka kafa Ford Motor Company da tsabar kuɗi dala 28,000.

A wancan zamanin mota kayan wasan attajirai ce, da hannu ake haɗa ta ɗaya bayan ɗaya. A 1908 Ford ya fito da Model T a kan dala 850, mota mai tsayi daga ƙasa, mai jure wa hanyar ƙauye, wadda manomi zai iya gyarawa da kansa. Amma abin da ya girgiza duniya shi ne yadda ake haɗa ta. A 1913, a masana'antarsa ta Highland Park, ya juya tsarin aiki: ma'aikaci ya tsaya a wuri ɗaya, motar ce za ta riƙa zuwa gabansa a kan layi mai tafiya, ya ɗaura abu guda ta wuce ga na gaba. Aikin da ke cin sama da awa 12 ya dawo kamar awa ɗaya da rabi. 'Yan Makanikal da suka yi kwas ɗin sarrafa kaya a masana'anta, wannan shi ne asalin zanen da kuke haddacewa daren jarrabawa.

Sai dai aikin akwai gundura. Mutum ya wuni yana ɗaure noti iri ɗaya, shi ya sa ma'aikata suka riƙa gudu, har a 1913 sai da kamfanin ya ɗauki mutum sama da 50,000 domin cike guraben da ba su wuce 14,000 ba. A Janairun 1914 Ford ya ninka lada zuwa dala 5 a rana. Ana yawan ba da labarin nan kamar na tausayi, ni dai lissafi na fi gani a ciki: ya tsayar da gudun ma'aikata, kuma ya maida su masu iya sayen abin da suke ƙerawa. Shi wannan mutumin ne ya ƙi amincewa da ƙungiyar ƙwadago sai a 1941, bayan masu gadinsa sun yi wa jagororinta dukan kawo wuƙa a 1937, kuma jaridarsa ta shafe shekaru tana yaɗa ƙiyayyar Yahudawa. Gwani ne, amma ba waliyyi ba ne.

Farashin Model T ya yi ta sauka har ya kai dala 260 a 1925, kuma kafin a daina yin ta a 1927 an ƙera guda miliyan 15. Abin da ya kashe ta taurin kan mai ita ne. Shekaru sama da goma baƙin fenti kawai ake mata, siffarta ba ta canzawa, alhali General Motors na fito da sabon yayi duk shekara, launi-launi, ga sayarwa a kan bashi. Mutane suka nuna cewa araha kaɗai ba ta ishe su ba, suna son ado. Ford ya farga a makare, amma a 1932 ya rama da wani abu: inji mai silinda takwas, wanda ake kira V8 saboda silindojin sun jeru huɗu-huɗu kamar harafin V, a cikin mota mai sauƙin kuɗi. Wannan gurnanin da kuke ji daga salansar Mustang, kakansa ke nan.

Jikansa Henry Ford II ya karɓi ragama a 1945. A ƙarshen shekarun 1950 kamfanin ya tafka asara ta ɗaruruwan miliyoyin dala a kan wata mota mai suna Edsel da kasuwa ta ƙi. Saboda haka lokacin da wani manaja mai suna Lee Iacocca ya zo da shawarar a yi wa matasa mota, ba a sakar masa bakin aljihu ba. Hujjarsa ita ce yaran da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun fara kai shekarun tuƙi, suna da yawa, kuma ba sa son motar babansu. Tunda kuɗi kaɗan aka ba shi, sai ya yi dabara. Kamfanin na da wata mota mai suna Falcon, motar cefane da kai yara makaranta, ba mai waiwayarta a titi. Aka ɗauki ƙashinta da injinta da giyarta, aka ɗora musu sabon bodi mai dogon bonet da kujeru irin na motar tsere. Kamar dai a ɗauki ɗan aike a naɗa masa rawani a ɗora masa alkyabba.

Ranar 17 ga Afrilu 1964 aka baje ta a bikin baje kolin duniya na birnin New York, a kan dala 2,368, kuɗin da bai kai rabin abin da matsakaicin iyali ke samu a shekara ba. A ranar farko aka yi odar kusan 22,000. Kamfanin ya yi hasashen sayar da 100,000 a shekarar farko, sai ga shi ya haura 400,000, kafin shekara biyu ta cika an kai miliyan. Ribar kuma ba a farashin tushe take ba. Mai saye zai shigo don mota mai araha, sai a ce ga V8 in ka ƙara kaza, ga rediyo, ga giya mai canza kanta, ya fita ya biya fiye da abin da ya yi niyya yana murna. Chevrolet ta yi maza ta fito da Camaro a 1966, Dodge ta biyo da Challenger. Shi kuwa Iacocca, duk da wannan aiki, Henry Ford II ya kore shi a 1978. Wanda ke shirin aiki a kamfanin dangi ya riƙe wannan.

Sunan da ta yi na motar tsere kuwa, rabinsa aro ne. A 1963 Ford ya nemi sayen Ferrari ta Italiya, ciniki ya watse a ƙarshe, haushi ya sa aka ƙera GT40, wadda ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa sau huɗu a jere, daga 1966 zuwa 1969. Wannan ba Mustang ba ce, amma hasken ya haska ta, musamman da yake Carroll Shelby, wanda ya jagoranci tawagar tseren, shi ne ke ɗaukar Mustang yana ƙara mata ƙarfi yana fito da GT350 da GT500. Sauran aikin fina-finai suka ƙarasa. Koriyar Mustang ɗin da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968, an yi gwanjonta a 2020 a kan sama da dala miliyan 3.

Ta sha wuya ita ma. Ana gab da ƙasashen Larabawa su toshe wa Amurka mai a 1973, aka fito da Mustang II, ƙarama, wadda a shekararta ta farko ko V8 babu. Masoya har yau suna yi mata dariya, amma ta sayu sosai, kuma ita ta hana sunan mutuwa. A shekarun 1980 an so a maye gurbinta da wata mota mai ja da tayoyin gaba da aka tsara tare da Mazda ta Japan, wasiƙun ƙorafi suka yi yawa, aka fasa, aka sa wa waccan suna Probe. Shi kansa kamfanin a 2006 sai da ya jinginar da kusan duk abin da ya mallaka, har da shuɗin tambarinsa, ya ci bashin sama da dala biliyan 23. Wannan bashin ne ya tsallakar da shi a 2009, shekarar da General Motors da Chrysler suka karye. A 2018 aka ƙera Mustang ta miliyan 10. Camaro da Challenger duk an dakatar da su, ita tana nan.

To, yanzu mu zo gida. Hangen Dala ba shiga birni ba. Abubuwan da suka sa Mustang ta zama motar talaka a Amurka, wato mai mai araha, bashin banki na shekaru, kayan gyara a kowane lungu da titi sumul, babu ko ɗaya da ke shiga jirgin ruwa tare da ita. Abu ɗaya ne ya zo mana daidai: sitiyarinta na hagu, kamar yadda muke tuƙi tun 1972.

Fara da mai. Mustang GT mai V8 na lita 5 tana yin kamar kilomita 6 zuwa 7 a kan lita ɗaya a cikin gari, a babban titi kuma wajen 10. Corolla na yin kusan ninkin haka a cikin gari. Tankinta na cin lita 60 ko sama kaɗan. Ka ninka da farashin lita na yau, ka ajiye kusa da alawus ɗin bautar ƙasa da muke ta ɗoki, ka ga abin da zai rage. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 wannan lissafin ya daina zama abin wasa. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa. Juyen baƙin mai ma haka: samfurin 2018 zuwa sama na shan fiye da lita 9, kusan ninki biyu na ƙaramar mota, kuma ba irin wanda ake aunawa a galan a bakin titi ba.

Sai hanya. Tsakanin cikinta da ƙasa kamar santimita 14 ne kawai. Tudun rage gudu irin na unguwanninmu, wanda kowa ke gina nasa daidai da fushinsa, sai an hau shi a karkace ana addu'a. Tayoyinta faffaɗa ne marasa kauri, rami ɗaya da damina zai iya cinye taya da rim tare. In fitila ko bamba ta fashe, ba lallai a samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba, sai dai a kira Ladipo a Legas, in babu a yi oda daga waje da dala a zauna jira. Bakanike kuma sai mai na'urar da ke karanta kwamfutar mota, ba mai kasa kunne ya ce fulogi ne ba. Kujerun baya kuwa na jaka ne da ƙananan yara, kada ka yi wa abokai alkawarin zuwa ɗaurin aure.

Akwai wanda ya fi kuɗi muhimmanci. Tayoyin baya ne ke tura ta, kuma GT ta yanzu na da ƙarfin doki 480. Wanda ya saba da Golf ko Corolla, in ya take totur a kwana ko a kan yashi, bayan motar zai zame ya nemi wuce gabanta. Intanet cike take da bidiyon masu Mustang da suka so burge 'yan kallo suka ƙare a kwata, har abin ya zama abin tsokana a Amurka. A nan inda gefen titi ke cike da masu talla da 'yan makaranta, wannan ba abin dariya ba ne, musamman a wasan mota na ranar biki.

Duk da haka ba zan ce kada a saya ba. Mai hali da ke da wata motar ta zirga-zirga, ya ajiye wannan don yammacin Asabar, wallahi zai more, domin ƙarar V8 ba ta da na biyu. Wanda kuma siffar ce ta ɗauke masa hankali, akwai mai V6 da aka daina yi bayan 2017, da EcoBoost mai silinda huɗu da turbo, mai ƙarfin doki sama da 300 kuma mai sauƙin shan mai. A titunanmu ba inda za ka ƙure ko da wannan.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen saye. Da yawa daga cikin tokumbon Amurka daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye suke fitowa, irin su Copart da IAA, a gyara a fesa fenti su fito kamar amare. Haɗari ana gyarawa, amma motar da ta sha ruwa wayoyinta za su yi ta ba ka mamaki har ka gaji. Kowace mota na da lambar VIN mai harufa da lambobi 17, ana hango ta ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba. Ka sa ta a Google, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo za su fito, ko ka biya a ciro maka rahoton Carfax. Ka tabbatar takardun kwastam na gaske ne. Tambarin GT kuma ana sayar da shi, kowa na iya mannawa. A samfurin 2015 zuwa sama, ka ƙirga zuwa na takwas a jerin VIN ɗin: in F ne, V8 ce, in H ne, EcoBoost ce, in M ne, V6 ce, ko me dillali ya rantse a kai.