Idan Motarka Ta Lotse: Abin Da Za Ka Tarar Wurin Masu Bugun Bodi

Da wuya mutum ya daɗe da mota a garuruwanmu ba ta gamu da lotsa ba. Yau ɗan acaba ya goge ƙofa, gobe sa ya kai wa madigadi karo a bakin kasuwa, jibi mai motar da kansa ya ja da baya ya daki ginshiƙi. Ga attajiri wannan ba wani abu ba ne. Amma malamin makaranta ko akawu, wanda ya yi shekaru yana tari, ko kuwa ya ci bashi kafin ya mallaki motar, gyaran ƙofa guda yana iya girgiza albashinsa na wata. Saboda haka ya kamata ya san abin da zai tarar tun kafin ya miƙa makulli.

Da farko sai mu fahimci ƙarfen kansa. Ƙarfen da a ke lulluɓe jikin ƙananan motoci da shi ba shi da kauri, galibi bai cika milimita 1 ba. Ƙarfinsa yana daga siffar da aka matsa shi ya ɗauka a masana'anta. Sa'ad da wani abu ya buge shi, ba lanƙwashewa kaɗai ya ke yi ba, har miƙewa ya kan yi, kamar fatar da aka ja. Aikin mai gyara kuwa biyu ne, watau ya komo da ƙarfen mazauninsa, sa'an nan ya tsuke inda ya miƙe. Na biyun shi ne mai wuya, a nan ne kuma a ke bambanta gwani da ɗan koyo.

Lotsa iri uku ce. Akwai ƙarama mai faɗi wadda fenti bai tsage ba. Irin wannan a kan iya gyara ta ba tare da an taɓa fenti ba. A kan zura sandunan ƙarfe ta bayan wurin a riƙa turawa kaɗan kaɗan, ko a manna wani ɗan abu da gam a waje a jawo. Wannan dabara ta yaɗu a Turai da Amurka tun wajen shekarun 1980, kuma aikin sa'a ɗaya ne ko biyu. Amfaninta shi ne fentin masana'anta yana nan, shi kuwa babu fentin gareji da ya kai shi ƙarko. Sai dai ba kowane mai gyara ke da kayan aikinta ba, don haka a tambaya.

Ta biyu ita ce wadda ta yi kaifi, ko ta faɗa a kan layin jikin mota, ko fenti ya ɓare har ƙarfe ya bayyana. Wannan dole sai an buga, an cike, an yi fenti. Kada a jinkirta ta, musamman da damina, gama ƙarfen da ya tsiraita ya kan soma tsatsa cikin 'yan kwanaki, tsatsar kuma ta riƙa cin ciki ta ƙarƙashin fenti.

Ta uku ita ce wadda ta wuce fatar mota ta taɓa ƙashinta, watau shasi ko ginshiƙan da ke riƙe da rufi. Alamunta su ne ƙofa ta ƙi rufuwa daidai, ko sitiyari ya riƙa jan gefe ɗaya, ko tayoyi su riƙa cinyewa ta gefe. Wannan ba maganar ado ba ce, maganar rai ce. Ginshiƙan motocin zamani da ƙarfe mai tauri na musamman a ke yin su, in aka gasa shi da wuta don a miƙe shi, taurinsa ya kan ragu. Mota za ta fito tana ƙyalli, amma ranar da aka sake haɗari ba za ta kare na ciki kamar da ba. Irin wannan aiki sai garejin da ke da injin jan shasi da ma'auni.

To, bari mu bi aikin iri na biyu daki daki, tun da shi ne aka fi yi. Mai gyara zai cire abin da ya tare bayan wurin, ya dafa ɗan dunƙulen ƙarfe ta ciki, ya riƙa bi da guduma a hankali daga gefen lotsar zuwa tsakiya. Inda ƙarfe ya miƙe sai ya ɗan zafafa wurin ya sanyaya don ya tsuke. Bayan haka a kankare da sanfefa, a shafa bodi fila. A da can da darma a ke cikewa, sai a shekarun 1950 aka fito da wannan fila ta roba mai saurin bushewa. Amfaninta shafe 'yan ramukan da guduma ta bari ne kurum. Gwanaye ba su son kaurinta ya wuce milimita 3, in ya yi yawa ƙwarai 6. Malalacin mai gyara kuwa ya kan bar ramin yadda ya ke, ya cusa fila kamar mai yaɓen ɗaki. Zafin rana da gargadar hanya su ne za su tona asirinsa, don ba a daɗewa sai wurin ya tsattsage.

Daga nan sai fentin fari mai hana tsatsa, sa'an nan launi, sa'an nan, a yawancin motocin yanzu, ruwan ƙyalli a sama. Kowane sai ya bushe kafin a ɗora na gaba. Wanda ya ce zai gama dukan wannan daga safe zuwa azahar, lalle akwai abin da zai tsallake. A ba shi kwana biyu ko uku. A kuma dubi inda zai yi feshin, gama da hunturu ƙura ta kan zauna a ɗanyen fenti in a fili aka yi.

Game da launi, kowace mota tana da lambar fentinta a wata 'yar takarda ko faranti da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet. A nuna wa mai haɗa fenti. Duk da haka kada a sa rai zai dace sarai, domin rana ta riga ta koɗar da tsohon. Fenti mai ƙyalƙyali kamar ruwan azurfa ya fi wuyar dacewa, shi ya sa gwani zai ce sai ya ɗan watsa sabon a kan ƙofar da ke maƙwabtaka don ido kada ya ga iyaka. Wannan ba cuta ba ce, ƙa'idar aikin ke nan.

Har wa yau a sani ba dukan jikin mota ne baƙin ƙarfe ba. Land Rover tun fitowarta a 1948 da alminiyam a ke yin jikinta, waɗansu motocin zamani ma bonet ɗinsu na alminiyam ne. Shi ya kan narke a wajen digiri 660, kuma ba ya yin ja ya gargaɗi mai riƙe da wuta kamar yadda baƙin ƙarfe ke yi. Bamba kuwa yanzu roba ce. In ta lotse a kan ɗumama ta a turo, in ta kece ƙwarai gara a canja. Sau da yawa ma sayen ƙofa ko madigadi na hannu a kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa a Kano ya fi bugun wanda ya dagargaje sauƙi.

Maganar kuɗi a gama ta tun kafin a ɗaga guduma, tun ran gini tun ran zane. A rubuta abin da za a yi, da wanda zai sayi fenti, da ranar gamawa. A ba da kuɗin kaya, a riƙe sauran sai an ga aiki. Masu inshora su tuna cewa ƙaramar inshorar da doka ta wajabta, wadda asalinta dokar 1945 ce, an yi ta ne domin wanda ka yi wa ɓarna, ba ta gyara motarka. Mai babbar inshora kuwa ya ɗauki hoton wurin ya sanar da kamfani kafin a taɓa kome.

Ranar karɓa a je da rana, kada a yarda da hasken fitila. A tsaya daga gefe a dubi tsawon motar, in akwai tudu da kwari za su bayyana. A shafa da tafin hannu. A buɗe ƙofofi a rufe, a gwada gilashi da fitilu. In jikin na baƙin ƙarfe ne a ɗora ɗan mayen ƙarfe, in ya ƙi kamawa fila ta yi yawa. Bayan an kai gida a wanke da ruwa kawai, kada a shafa man ƙyalli sai an yi kamar wata guda, fenti ya gama ƙarfi.

Gyara mai kyau zai ɓoye lotsa har mai motar ya manta inda ta ke, amma ba zai mai da tsohuwa sabuwa ba. Wanda ya san haka ba zai zalunci mai sana'a da dogon buri ba, shi kuma ba za a cuce shi da ƙyalli ba. Araha dai ba ta ado. Allah ya kiyaye hanya.