Yadda Ake Saƙa Mayafin Wuya Mai Launi Iri Iri

Garin Jos yana bisa tudu mai tsawon kusan mita 1,200, domin haka sanyin hunturu na Disamba da Janairu yakan shiga har ƙashi, musamman ga wanda zai fita da asuba. Mayafin wuya na ulu shi ne abu mafi sauƙi da mai koyon saƙa zai fara da shi, gama ba shi da hannu ko wuya kamar suwaita. Duk da haka muna ganin mutane da yawa sun ɓata zare mai tsada saboda abu biyu: mayafin ya nannaɗe kamar tabarma, ko kuwa ya warware a inda aka sauya launi.

Mu fara da kayan aiki. Ana bukatar allurar saƙa guda 2 masu kaurin milimita 4, da dunƙulen zare 4 ko 5 na giram 50, da basilla. Kowane zagayen zare da ke kan allura muna kiransa ido. Idan aka ɗora ido 40, faɗin zai kai wajen santimita 18. Tsawon santimita 150 ya ishi babban mutum.

Saƙa iri biyu ce kawai, ta gaba da ta baya. A saƙar gaba ana jawo zare zuwa wajen mai saƙa, a ta baya kuwa ana tura shi can. Idan muka yi layi ɗaya na gaba, ɗaya na baya, fuskar za ta yi sumul, amma bakin zai nannaɗe, domin idanun duka suna ja ta gefe guda. Guga ba ta gyara wannan. Maganinsa shi ne a yi saƙar gaba a kowane layi. Mayafin zai ci zare kaɗan fiye da haka, amma zai kwanta, zai kuma fi ɗumi.

Wajen sauya launi ne aikin yake. Tilas a sauya a farkon layi, kuma kullum ta gefe ɗaya, wato bayan layi 2, 4, 6, ba 3 ko 5 ba. Ta haka ɗigo-ɗigon da ke fitowa a mahaɗar launi za su tsaya a baya. Kada a ƙulla zaren, gama ƙulli yakan kwance wajen wanki. A bar jela ta santimita 15, in an gama a cusa ta cikin saƙar da basilla. Idan zanen siriri ne, na layi 2, ba sai an yanke ba. A riƙa hawa da zaren ta gefe, ba tare da ja da ƙarfi ba. A ganinmu launi uku sun isa. Ko mutanen tsibirin Fair Isle na ƙasar Sikotilan, waɗanda saƙarsu ta yi suna a duniya tun shekarun 1920, ba su wuce launi biyu a layi guda.

Sai kuma gargaɗi ga masu jin ɗumin wuta. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake yi daga man fetur. A yanko guntu a sa masa ashana a gani: ulu na gaske yana ƙauri kamar gashi, ya mutu da kansa, ya bar toka. Na roba kuwa yakan ci wuta, ya narke, ya manne a fata. Wanda ya yafa irin wannan sai ya cusa bakin mayafin cikin riga kafin ya sunkuya gaban murhu ko fitila.