Amsar Tambayoyinku: Kitse Mai Kyau Ya Hau, Shin Zuciya Ta Tsira Ke Nan?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi a Ƙofar Guga, cikin birnin Katsina. Ya ce an auna jininsa, aka shaida masa kitsensa mai kyau ya hau. Shin zai iya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai?

To Alhaji, a gajarce, kada ka ajiye. Ga dalili.

Wannan kitse na cikin jini, wanda likitoci ke kira kolastarol, hanta ce ke yin mafi yawansa, kuma jiki na bukatarsa. A takardar awo za ka ga LDL da HDL. Shi LDL, in ya yi yawa, yakan manne a jijiyoyin jini har su cushe, kamar kwatar da shara ta toshe. Daga nan sai ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Shi kuwa HDL mai yasar kwata ne, yana kwashe rarar kitsen ya kai wa hanta. Shi ya sa ake ce masa mai kyau.

Yanzu ɗauko takardarka. In awon mmol/L ne, HDL ɗin namiji kada ya gaza 1.0, na mace 1.3. In kuwa mg/dL ne, 40 da 50 ke nan. Jimillar kitsen ana so ta tsaya ƙasa da 5.2, wato 200.

A 1977 binciken garin Firamingam na Amurka ya nuna masu ƙarancin HDL sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Amma daga baya da aka gwada magungunan da ke ɗaga HDL, akasarinsu ba su rage cutar ba. Ka ga ashe yawan masu yasa ba ya hana ambaliya, muddin ana ta zuba shara. Don haka likita yakan fi duba LDL, tare da hawan jini, ciwon suga, shekaru da shan taba.

Kuma jama'a, kada wani ya ce ai shi siriri ne. Abin yana bin gado, ba ya kuma ba da alama, sai an auna.

Me za a yi? A rage kitsen nama, man shanu da manja. A riƙe wake, gero, dawa, kifi da zogale. A bar taba, domin tana rage HDL. Wanda ke wuni zaune a rumfa ya riƙa tafiyar ƙasa ta minti 30 a yawancin ranakun mako.

Alhaji, koma da takardar wurin likitanka, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a karanta maka ita gaba ɗaya. Shi ne zai ce a rage magani ko a ci gaba.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.