Kafin ku sayo ampili: ƙarfi daban, tsabtar murya daban

Jama'ar Dogon Kiriya da ƴan uwa na Kwatano, Legas da Abijan: Da yawanku kuna aiko da ampili gida don masallaci ko biki. To, ku saurara kafin ku fidda kuɗi.

Galibin ƙananan ampili na yanzu "kilas D" ne. Aikinsu kunna wuta da kashe ta, sau dubu ɗaruruwa cikin sakan guda. In wutar ta jima a kunne, lasifika ta motsa da ƙarfi; in ta taƙaita, ta motsa kaɗan. Ba su zafi sosai, don kusan kashi 90 cikin 100 na wutar na isa lasifika. Ga mai aiki da batir da sola, riba ce.

Tsabtar murya fa? Zancen awo ne. Mai tiya kaɗai ba ya auna cikin cokali. Na'urar da ke auna sauti da "bit" 8 matakai 256 gare ta. Mai 16 kuwa, 65,536. In matakan sun yi kaɗan, da liman ya sassauta murya, sai "shuuu" ya rufe ta. In kuma aka murɗa har ƙurewa, murya ta tsage, lasifika na iya ƙonewa.

Shawararmu: kada yawan "wat" na jikin kwali ya ruɗe ku. Ku sa mai kanti ya kunna, ya rage ƙara, ku kasa kunne. In murya ta fito tas, ku biya.