Duwatsun Nepal, Inda Numfashi Ke Tsada

Daga cikin al'ajaban da Allah Maɗaukakin Sarki ya kafa a bayan ƙasa, babu kamar duwatsun Himalaya, waɗanda 'yar ƙasar nan ta Nepal, duk da ƙanƙantarta a tsakanin Indiya da Sin, ta samu rabo mafi tsoka a cikinsu; domin cikin ƙololuwa 14 da suka zarce mita 8,000 a duniya, takwas suna cikinta ko bisa iyakarta. Sarkinsu shi ne Everest, wanda mutanen ƙasar ke kira Sagarmatha, mai mita 8,849, wanda ba a taka kansa ba sai ran 29 ga Mayu, 1953, sa'ad da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka isa. Amma Annapurna, ko da yake bai wuce mita 8,091 ba, kuma Faransawa sun hau shi tun 1950, ya fi Everest sharri, saboda ƙanƙarar da ke zaftarowa ba sallama. A can ƙoli, iskar da ɗan Adam ke shaƙa sulusin ta bakin teku ce kawai; kuma a ra'ayina, rabin yabon da baƙi masu hawa ke sha haƙƙin Sherpa ne, masu ɗaukar kaya da ɗaure igiyoyi.