Sauti ya lalace a wasa: shin laifin direban Linux ne?

Akwai maganar da ke yawo a bakin masu wasannin kwamfuta da suka baro Windows suka koma Linux: da zarar sauti ya fara yankewa ko ƙas-ƙas a tsakiyar wasa, sai a ce direban sautin ne ya tsufa, a je shafin kamfanin Realtek a sauko da sabo. Wannan shawara ta taso ne daga sabo da Windows, kuma a Linux ɓarnarta ta fi amfaninta. Direbobin sauti a nan suna cikin zuciyar tsarin ne, wato kanel, ƙarƙashin abin da ake kira ALSA, wanda ya maye gurbin tsohon OSS tun fitowar kanel 2.6 a shekarar 2003. Duk ranar da mutum ya sabunta kanel, ya sabunta direbansa ke nan. Wanda ya ɗauko wani tsohon ƙunshi daga waje ya ɗora a kai, yana iya wayar gari lasifikarsa ta yi tsit gaba ɗaya.

Sai dai jita-jitar ba ta rasa tushe. Gaskiya ne sabuwar kwamfuta kan zo da kayan sautin da tsohon kanel bai san su ba, kuma kwamfutocin cinya da yawa masu Intel ba sa magana sai an saka musu ƙunshin Sound Open Firmware. A irin wannan hali sabuntawa ce magani, amma daga ma'ajiyar tsarin da kake amfani da shi, Ubuntu ne ko Fedora. Alamar wannan matsala a fili take: sauti ba ya fita a ko'ina, har a bidiyo.

Idan kuwa waƙa na fita tas, wasa kaɗai ke ƙas-ƙas, to direba ya wanku. Matsalar tana hawa na sama, wurin manhajar da ke raba sauti tsakanin shirye-shirye. Yau PipeWire ce ke wannan aiki a yawancin tsare-tsare, tun da Fedora 34 ta rungume ta a 2021, Ubuntu ta biyo baya a 2022. Tana aika sauti guntu-guntu. In wasa ya cinye ƙarfin injin, guntu na gaba bai iso a kan kari ba, sai kunne ya ji wannan ƙarar. Ƙara girman guntun kan share matsalar, ko da yake sautin zai ɗan makara. Guntu mai ɗigo 1024 a gudun 48,000 cikin daƙiƙa, jinkirinsa kusan milisakan 21 ne, wanda da wuya ɗan wasa ya lura da shi.

Wani zai ce ai PulseAudio, wadda ta yi wannan aiki kafin PipeWire, ta sha gasa wa mutane aya a hannu, don haka gara a tuge duk irin waɗannan manhajoji a bar ALSA zalla. Ƙorafin yana da tarihi, musamman a 2008 da Ubuntu ta saka ta tun ba ta nuna ba. Amma wanda ya tuge a yau zai iya rasa abin kunne na Bluetooth, ya kuma sha wuya wajen haɗa wasa da hirar murya a lokaci guda. Hatta Steam Deck, na'urar wasa da kamfanin Valve ya fitar a 2022, da Linux da PipeWire take aiki.

Kafin ka taɓa komai, buɗe manhajar alsamixer ka duba: in ka ga MM a ƙarƙashin layin lasifika, a kashe take kawai, danna M ta dawo.